Yaƙin Rasha da Yukren: tambayoyin da ake jifa da su a fadojin Yamai, da amsoshinsu

Tun ranar 24 ga Fabrairun 2022 da tankokin Rasha suka tsallaka iyakar Yukren, gardamar dalilin yaƙin ba ta kwanta ba a Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 sai ta ƙara zafi, don Rasha ta tashi daga zancen nesa ta zama zancen gida: teloli suka riƙa ɗinka tutarta mai fari da shuɗi da ja ana sayarwa a wuraren gangami, a Afrilun 2024 kuma masu horar da soja daga can suka sauka garin nan. Yanzu a fada, kafin a sauke shayi na biyu an rabu gida biyu, masu cewa Putin kansa yake karewa da masu cewa ƙasar mutane yake ci. Na tattara tambayoyin yadda ake faɗarsu, har da masu zafi. Ra'ayina a fili yake, amma inda hujjar ɗaya ɓangaren ke da nauyi zan faɗa.

Da farko, me Rasha ta ce ya kai ta?

A jawabin da Putin ya yi da asubahin ranar ya kawo dalilai: ƙawancen tsaro na OTAN, wato NATO, yana ta matsowa iyakar Rasha, an shekara takwas ana yi wa mutanen Donbas, yankin gabashin Yukren, kisan kiyashi, za a raba Yukren da makamai, a kuma kakkaɓe 'yan Nazi daga cikinta. A wannan jawabin ne kuma ya ce ba su da niyyar mamaye ƙasar Yukren.

Wata bakwai bayan nan, ranar 30 ga Satumban 2022, ya zauna a fadar Kremlin ya sa hannu a takardar da ta haɗe jihohi huɗu cikin Rasha: Donetsk, Luhansk, Zaporizhzhia da Kherson. Biyun ƙarshe ba sa cikin Donbas. Babban birnin Zaporizhzhia ma sojan Rasha bai taɓa taka shi ba, amma a takarda ya zama nasu.

Malam, ai OTAN ce ta matsa mata. Wa zai yarda abokin gaba ya kafa bariki a ƙofar gidansa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da magoya bayan Rasha ke da ita, kuma wanda ya ce ba komai a cikinta bai yi adalci ba. A 1999 OTAN ta karɓi Poland da Hungary da Jamhuriyar Czech. A 2004 ta karɓi ƙasashe bakwai a lokaci guda, har da Estoniya da Latbiya da Lituwaniya waɗanda a da suna cikin Tarayyar Sobiyet. A taron Bucharest na Afrilun 2008 aka rubuta cewa Yukren da Jojiya za su zama mambobi wata rana. Ba Rashawa kaɗai suka ga haɗarin ba. George Kennan, tsohon masanin diflomasiyyar Amurka, ya yi gargaɗi tun 1997 cewa faɗaɗa ƙawancen babban kuskure ne. William Burns, jakadan Amurka a Mosko a 2008 wanda daga baya ya shugabanci CIA, ya rubuta wa gida cewa shigar Yukren abu ne da manyan Rasha kaf ba za su haɗiye ba, ba Putin kaɗai ba. Haushin na gaske ne.

Sai dai akwai abubuwa da ba su zauna da wannan bayani ba. A Bucharest ɗin Jamus da Faransa sun hana a ba Yukren jadawalin shiga, kuma shekara 14 suka wuce ba a ba ta ba. A 2010 majalisar Yukren ta kafa dokar zama 'yar ba-ruwanmu, aka kuma tsawaita hayar sansanin jiragen ruwan Rasha na Sebastopol har zuwa 2042. Da wannan doka a wuyanta aka ƙwace mata Kirimiya a Maris ɗin 2014. Sai a Disamban wannan shekarar ta soke dokar. Wato cin iyakar ne ya rigayi neman mafakar. Kwanaki kaɗan kafin yaƙin, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya faɗa a Mosko cewa batun shigar Yukren ba ya kan tebur.

Sannan ga Finland. Ta shiga OTAN a Afrilun 2023 da iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,340 da Rasha, ga birnin St. Petersburg nan kusa. Suwidin ta bi ta a Maris ɗin 2024. Ko harsashi ɗaya ba a harba musu ba, Putin ma cewa ya yi shigarsu kaɗai ba barazana ba ce muddin ba a jibge makamai ba. Idan an kawo wannan a fada, amsar da ake bayarwa ita ce, ai Yukren daban ce a wurin Rasha. Na yarda. Amma da zarar ka faɗi haka ka riga ka amsa cewa abin da ya bambanta ta ba OTAN ba ne.

Ba an yi wa Gorbachev alkawari an saɓa ba?

A Fabrairun 1990, ana maganar haɗe Jamus, sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya ce wa shugaban Tarayyar Sobiyet Gorbachev ikon OTAN ba zai matsa gabas ko da taƙi ɗaya ba. An faɗa, yana cikin takardun zaman. Amma ba a sa shi cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu dangane da sauran ƙasashen gabashin Turai ba, a lokacin ma ƙawancen sojan Warsaw, na ɓangaren Sobiyet, na nan da ransa. Masana tarihi har yau suna ja a kan ko Jamus kaɗai ake nufi.

Tunda alkawari ake magana, ga waɗanda aka rubuta. A Disamban 1994 a Budapest, Yukren ta yarda ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, waɗanda su ne na uku a yawa a duniya. Rasha da Amurka da Birtaniya kuma suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. A 1997 Rasha da Yukren suka ƙulla yarjejeniyar abota da ta sake tabbatar da iyakokin. A 2003 Putin da hannunsa ya sa hannu a yarjejeniyar shata iyakar ƙasa tsakanin su biyun. Mai kukan an saɓa masa maganar baki, shi ne ya yaga takarda uku.

To juyin mulkin 2014 fa? Ba Turawa ne suka kori zaɓaɓɓen shugaba ba?

Viktor Yanukovych zaɓaɓɓe ne, gaskiya. A Nuwamban 2013 ya fasa sa hannu a yarjejeniya da Tarayyar Turai, jama'a suka cika dandalin Maidan wata uku, aka kashe masu zanga-zanga kimanin 100 da wasu 'yan sanda. Manyan Amurka sun je dandalin, an kuma ji muryar Victoria Nuland, babbar jami'ar ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a wata waya da aka fallasa tana zaɓen wanda ya dace ya zama firaminista. Ranar 21 ga Fabrairun 2014 aka yi sulhu, a daren Yanukovych ya bar Kyiv, washegari majalisa ta tsige shi ta hanyar da ba ta cika ƙa'idar tsarin mulki ba. Duk wannan haka yake.

Abin da ya biyo baya shi ma haka yake. An yi zaɓe a Mayun 2014, Poroshenko ya ci, Mosko ta yi hulɗa da shi. A 2019 Zelensky ya kayar da shi da kashi 73 cikin ɗari. Gwamnatin da aka afka wa a 2022 ta fito ne daga zaɓe na biyu bayan Maidan.

Mu 'yan Yamai ya kamata wannan tambayar ta tsaya mana a wuya. Ranar 30 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ba da wa'adin mako guda, ta ce za ta iya shigowa da soja don an kifar da zaɓaɓɓen shugaba. Me aka ce a titunan garin nan? An ce yadda aka yi mulki ya sauya hannu harkar 'yan Nijar ce, ba ta ba maƙwabci izinin tsallako iyaka da tanka ba. Ban ga yadda wannan magana za ta zama daidai a bakin kogin Isa ta zama kuskure a bakin kogin Dnipro ba.

Shekara takwas ana kashe masu jin Rashanci a Donbas, duniya ta yi shiru. Ba hakki ba ne a cece su?

An mutu a Donbas. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kimanin mutum 14,000 daga 2014 zuwa ƙarshen 2021. Amma a duba yadda adadin ya rabu: fararen hula kimanin 3,400 ne, a ɓangarorin biyu na layin daga, saura sojan Yukren ne da mayaƙan 'yan aware. Mafi yawansu a 2014 da 2015 suka mutu. A 2019 da 2020 da 2021 fararen hular da suka mutu ba su kai 30 ba a kowace shekara, da yawansu nakiyoyin da aka binne ne suka tashi da su. Ran mutum ɗaya ma babba ne, amma wutar tana mutuwa ne lokacin da aka ce an zo kashe ta.

Kuma wa ya kunna ta? Igor Girkin, tsohon jami'in leƙen asirin Rasha da ya shiga garin Sloviansk da 'yan bindiga a Afrilun 2014, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ɗana kunamar yaƙin. Yukren na da nata laifin: an yi luguden wuta a unguwannin jama'a, mutum fiye da 40 sun ƙone a Odesa ranar 2 ga Mayun 2014 ba a hukunta kowa yadda ya kamata ba, dokar harshe ta 2019 ta takura wa Rashanci a ofis da makaranta, yarjejeniyoyin tsagaita wuta na Minsk na 2014 da 2015 kuma kowane ɓangare ya yi musu riƙon sakainar kashi.

Amma a dubi garuruwan da yaƙin ceton ya fi rusawa: Mariupol, Bakhmut, Avdiivka, da Kharkiv da ake ta yi wa ruwan bama-bamai. Garuruwan masu jin Rashanci ne. A Mariupol kaɗai, cikin wata uku na 2022, dubban fararen hula suka mutu.

Akwai wani dattijo, tsohon malamin lakwal, da ke zama fadarmu. Idan gardamar ta kai nan sai ya jawo kofunan shayi uku ya jera a tabarma. Ya ajiye ɗaya can dama ya ce Donbas ke nan, ɗaya a sama ya ce Belarus, ɗaya ƙarƙashinsa kaɗan ya ce Kyiv. Sai ya ja yatsa daga na sama zuwa na ƙasa ya ce, ta nan ayarin motocin yaƙi mai tsawon kusan kilomita 60 ya bi, nan kuma sojan sama suka sauka a filin jirgin Hostomel a ranar farko. Ya nuna tazarar da ke tsakanin yatsansa da kofin dama ya ce, "To yara, mai zuwa ceton wancan kofi, me ya kawo shi nan?" Masu amsa masa suna cewa dabara ce ta tilasta wa Kyiv zama teburin sulhu. Yana yiwuwa. Amma abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an so kifar da gwamnatin ne cikin 'yan kwanaki a ɗora wata.

Amma akwai 'yan Nazi a Yukren ko babu?

Akwai masu tsattsauran ra'ayin ƙabilanci, rundunar Azov daga cikinsu ta samo asali, kuma ana girmama Stepan Bandera wanda ƙungiyarsa ta yi aiki da Jamus ta Hitler. Abin kunya ne. A zaɓen majalisa na 2019 haɗakar jam'iyyunsu ta samu kusan kashi 2 cikin ɗari. Shugaban ƙasar Bayahude ne wanda ya tashi da Rashanci a bakinsa. Da kashi 2 ake kafa hujjar mamaya, da ƙasashen Turai kaɗan ne za su kwana lafiya.

To kai a ganinka mene ne ainihin dalilin?

Zuciyar mutum Allah kaɗai ya san ta. Mu abin da muke da shi biyu ne: abin da mutum ya faɗa lokacin da ba ya neman kare kansa, da abin da ya yi da ƙasar da ta shiga hannunsa.

Na farko. A 2005 Putin ya kira rushewar Tarayyar Sobiyet babbar masifar siyasar ƙarni. A Yulin 2021 ya wallafa doguwar maƙala yana cewa Rashawa da 'yan Yukren al'umma ɗaya ce, kuma Yukren ba za ta samu cikakken 'yanci ba sai tare da Rasha. Ranar 21 ga Fabrairun 2022, kwana uku kafin harin, ya ce Lenin da 'yan Bolshevik ne suka ƙirƙiri Yukren ta yau daga ƙasar Rasha. A Yunin 2022, yana hira da matasa, ya kawo misalin sarki Peter Mai Girma da ya shekara 21 yana yaƙi da Suwidin, ya ce sarkin bai ƙwaci komai ba, maido da nasu ya yi, kuma da alama wannan aikin ya faɗo a kansu su ma. Babu OTAN a zamanin Peter.

Na biyu. A yankunan da aka kama an kawo kuɗin Rasha, an raba fasfo ɗin Rasha har ya zama sai da shi ake samun magani da fansho cikin sauƙi, an sauya manhajar makarantu, ana ɗaukar samari aikin sojan Rasha. An kwashi yara zuwa Rasha, abin da ya sa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta fitar da sammacin kama Putin a Maris ɗin 2023. A Yunin 2024 da ya faɗi sharuɗɗan tsagaita wuta, bayan batun OTAN ya ce sai Yukren ta janye daga jihohin nan huɗu gaba ɗaya, har da garuruwan da ba a ci da yaƙi ba. Wanda tsoron makamai ya dame shi, a kan makamai yake ciniki. Littafin tarihin 'yan firamare ba ya cikin abin da ke tsare iyaka.

Har daga cikin gida an faɗa. Yevgeny Prigozhin, shugaban Wagner da ake ɗaga hotonsa a wasu wurare a Sahel, ya fito a bidiyo ranar 23 ga Yunin 2023 ya ce Yukren da OTAN ba su shirya kai wa Rasha hari ba, ma'aikatar tsaro ce ta yaudari jama'a don manya su samu girma da dukiya. Yana cikin fushi da ministan tsaro a lokacin, a auna maganar da wannan. Wata biyu daidai bayan nan jirginsa ya faɗi.

Hukuncina: tsoron OTAN yana ciki, amma a ƙarƙashin wani abu mafi girma yake, wato imanin cewa Yukren ba ƙasa ce ta gaske ba kuma ba ta da ikon juya wa Mosko baya. OTAN abin ƙi ce a nan domin ita ce za ta sa juya bayan ya tabbata har abada. An fake da guzuma ne an harbi karsana, ko da yake guzumar ma ana jin haushinta.

Ai dai gaskiya ya faɗa. Asali ɗaya, addini ɗaya, harshe kusan ɗaya. Mene ne laifin haɗa 'yan'uwa?

Duk wanda ya taɓa hawa kabu-kabu daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ya san wannan hujjar daga ciki. Harshe ɗaya, sutura ɗaya, aure a tsakani, naira da sefa duk suna ci a kasuwa. Layin da ya raba su Faransa da Ingila suka ja: daga Say zuwa Barwa a 1890, aka gyara a 1898, aka sake gyarawa a 1904 da 1906, ba tare da an tambayi kowa a Adar ko Gobir ba. To a ce gobe wani shugaba a Abuja ya rubuta maƙala ya ce Hausawa al'umma ɗaya ce, Nijar Faransa ce ta ƙirƙire ta, Ƙonni kuma a da tana bin Sakkwato. A cikin maganarsa akwai gaskiyar tarihi. Za mu buɗe masa hanya?

Kuma tarihin ba ya tsayawa inda mai da'awa yake so. Maraɗi ta kafu ne da sarautar Katsina da ta ƙi bin Sakkwato, Tsibiri da ta Gobir, suka shekara da shekaru suna gwabzawa da mutanen da suke harshe ɗaya da su. Jin harshe ɗaya bai taɓa nufin yarda da sarki ɗaya ba.

'Yan Yukren an tambaye su. Ranar 1 ga Disamban 1991 fiye da kashi 90 cikin ɗari suka zaɓi 'yancin kai. A Donetsk da Luhansk an haura kashi 80. A Kirimiya ma an samu kusan kashi 54.

Kirimiya dai ta Rasha ce tun asali, shugaban Sobiyet Khrushchev ne ya yi kyauta da ita.

An mayar da ita ƙarƙashin Yukren a 1954, haka ne, kuma yawancin mazaunanta a yau Rashawa ne. Da yawansu na son Rasha da gaske. Amma "tun asali" daga yaushe? Rasha ta haɗiye ta ne a 1783. Kafin nan daular Tatar ce, Musulmi, masu alaƙa da Daular Usmaniyya ta Santambul. A Mayun 1944 Stalin ya sa aka loda Tatar kusan 200,000 a jiragen ƙasa cikin 'yan kwanaki aka zubar da su a tsakiyar Asiya, da yawa suka mutu a hanya da shekarun farko. Haka aka samu rinjayen da ake taƙama da shi. Waɗanda suka dawo, majalisarsu ta Mejlis ta ƙi amincewa da mamayar 2014, aka haramta ta a 2016. Ina mamakin yadda wannan ɓangaren ba ya zuwa fada.

Ƙuri'ar raba gardamar 16 ga Maris 2014 kuwa an yi ta ne bayan sojoji marasa tambari sun kama majalisar yankin. Putin ya musanta cewa nasa ne, daga baya ya amsa.

Ko dai duk zancen dukiya ne, kamar kullum?

Dukiya na ciki. Akwai kwal da masana'antun ƙarfe a Donbas, ƙasar noma mai albarka a kudu, tashar nukiliya ta Zaporizhzhia wadda ta fi kowace girma a Turai, da hanyar ƙasa zuwa Kirimiya. Magudanar ruwan da ke ba Kirimiya mafi yawan ruwanta, wadda Yukren ta toshe a 2014, tana cikin abubuwan da sojan Rasha suka fara buɗewa. Amma ƙasar da ta fi kowace faɗi a duniya ba ta rasa kwal ko gona ba, kuma ta yi asarar babbar kasuwar gas ɗinta ta Turai, an riƙe mata kusan dala biliyan 300 a bankunan waje. Ɗan kasuwa ba ya wannan cinikin. Masu cin riba a gefe kam suna nan ko'ina: kamfanonin makamai, masu sayar da gas na Amurka, da Washington da ta sa Kyiv ta sa hannu a yarjejeniyar ma'adinai a Afrilun 2025. Cin ribar gobara daban, kunna ta daban.

Amurka ta rusa Iraƙi, OTAN ta rusa Libiya. Da wane baki za su yi magana?

Ba su da baki, kuma ba sai an koya wa ɗan Nijar wannan ba. An shiga Iraƙi a 2003 da zancen makaman ƙare dangi da ba a taɓa gani ba. A 2011 aka karɓi izinin kare fararen hula a Libiya aka wuce da shi har kifar da Gaddafi. Makaman da suka watsu daga can su ne suka ci arewacin Mali a 2012, muna biyan bashin har yau a Tilaberi da arewacin Tawa. Amurka ta amince wa Isra'ila da tuddan Golan a 2019. Laifi tudu ne.

Amma me wannan ya tabbatar? Ya tabbatar da cewa manyan ƙasashe suna ƙera dalili idan suna son yaƙi. Darasin Iraƙi shi ne a tuhumi dalilin mai ƙarfi. Wanda ya koyi wannan a kan Bush sannan ya karɓi na Putin ba tare da bincike ba, rabin karatun ya ɗauka. Mu da aka ce wa ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine wayewa ya kawo, alhali ƙona Lugu da kisan Ƙonni a 1899 ya bari a bayansa, mun san kowane mai mamaya da kyakkyawar magana yake zuwa. Kuma matar da aka rusa wa gida a Kharkiv ba ita ta jefa bam a Bagadaza ba.

An ce an kusa sulhu a Santambul, Boris Johnson ya hana.

A ƙarshen Maris ɗin 2022 Yukren ta miƙa tayin zama 'yar ba-ruwanmu idan manyan ƙasashe za su lamunce mata tsaro. Johnson, firaministan Birtaniya na lokacin, ya je Kyiv ranar 9 ga Afrilu, jagoran tawagar Yukren kuma ya faɗa daga baya cewa ya ce musu su ci gaba da yaƙi. Amma shi jagoran ya ƙara da cewa ba su amince Rasha za ta cika alkawari ba. Akwai kuma abubuwan da ba a daidaita ba: Rasha na son a rage sojan Yukren ƙwarai, tana kuma son sai da yardarta masu lamunin za su kawo ɗauki, wato wanda ake tsoro shi zai riƙe makullin. Ga gawarwakin fararen hula da aka gani a garin Bucha, kusa da Kyiv, a farkon Afrilu bayan sojan Rasha sun janye. Abin lura a nan shi ne an miƙa batun OTAN a faranti tun makonnin farko, yaƙin bai tsaya ba.

Rasha ba ta taɓa yi mana mulkin mallaka ba, yau kuma ita ke ba mu makamai. Ina ruwanmu?

Hulɗa da Rasha lissafin gwamnati ne, kowace ƙasa tana sayen makami inda ta samu. Ba a nan gardamata take ba. Ruwanmu yana cikin ƙa'idar da ake takawa.

Nijar na da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 da maƙwabta bakwai. Uraniyum na Arlit, man Agadem da zinariyar Jado duk suna wuraren da mutane ba su da yawa, nesa da Yamai. Abin da ke tsare su ba yawan soja ba ne kaɗai, har da yarjejeniyar da shugabannin Afirka suka yi a Alƙahira a 1964 cewa iyakar da aka gada ranar 'yanci ita ce iyaka, ko da mugun hannu ne ya ja ta. Kamar gambar da ke tsakanin gonaki ce: kowa ya san ba daga sama ta sauko ba, amma ranar da aka yarda mai ƙarfi ya tuge ta ya matsar, ba mai sauran gona sai shi. Jakadan Kenya Martin Kimani ya tuna wa Kwamitin Sulhu wannan a Fabrairun 2022.

Mun ga abin a maƙwabta. Gaddafi ya shiga zirin Awuzu na Cadi a 1973 da hujjar wata yarjejeniyar Faransa da Italiya ta 1935 da ba ta taɓa fara aiki ba, ya kuma yi da'awar yankin Tummo namu. Sai a 1994, bayan jini mai yawa, Kotun Duniya ta ba Cadi gaskiya ya janye. Saddam ya ce Kuwait lardin Iraƙi ne na 19 a 1990, Nijar ta Ali Saibu ta tura soja Saudiyya. Mu kanmu mun kusa faɗa da Dahomey, wato Benin ta yau, a kan tsibirin Lete a 1963. A ƙarshe kotu muka je, ta ba mu Lete a 2005, muka sake zuwa da Burkina Faso aka yanke a 2013. Ranar 2 ga Maris 2022 da ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijar na cikinsu. Biyar kaɗai suka ƙi, Eritiriya ce kaɗai daga Afirka.

To ita Yukren da ke taimakon masu kashe sojan Mali fa?

A ƙarshen Yulin 2024 aka yi wa sojan Mali da mayaƙan Wagner mummunar ɓarna a Tinzawatan. Bayan nan kakakin leƙen asirin sojan Yukren, Andriy Yusov, ya fito yana cewa 'yan tawayen sun samu bayanan da suke buƙata. Mali ta yanke hulɗa da Kyiv ranar 4 ga Agusta, Nijar ta bi ta ranar 6. Ma'aikatar harkokin wajen Yukren ta ce ba a kawo shaida ba, amma bakin jami'insu ne ya jawo musu. Ƙasar da ke kuka an keta mata iyaka ba ta da hurumin yin alfahari da hannu a yaƙin cikin gidan wata, balle a yankin da masu iƙirarin jihadi su ma suka ce da su aka yi. Wanda ya ji haushin Kyiv a kan wannan yana da hujja, ni ma na ji.

Sai dai tambayar da muka faro da ita ita ce me ya sa aka shiga Yukren. Tinzawatan ta faru ne shekara biyu da wata biyar bayan tankokin sun tsallaka, shekara goma bayan Kirimiya.